Na gama sati tara na masu koyon gudu, sai me kuma?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Na kammala tsarin nan na Couch to 5K, wato manhajar da ke koya wa sabon shiga gudu cikin sati tara, alhamdulillahi yanzu ina gudun minti 30 ba tsayawa. Amma abu biyu sun tsaya mini a rai. Na farko, a minti talatin ɗin ban kai kilomita 5 ba, da kyar nake haura huɗu. Na biyu, tunda manhajar ta ƙare babu mai ce mini yau ga abin da za ki yi, sai na rasa ta inda zan kama. In shiga tsarin kilomita 10 ne? In maimaita na baya? Ko in dage sai na ƙara sauri tukuna? Waɗanda suka riga mu a harkar ku taimaka.

Abba:
Wa alaikumus salam Anti, sannu da ƙoƙari! Ni dai shawarata ki nemi gasa ki yi rajista tun yau. Rabin famfalaki ma, kilomita 21. Wata huɗu ya ishe ki shiri. In babu wata rana da take jiranki a kalanda, wallahi ba za a yi nisa ba za ki rataye takalmin. Yawancin waɗanda muka fara tare haka suka watse, ba ciwo ba komai, kawai an rasa abin da ake nufa.

Anti Rabi:
Kai Abba, ka ji tsoron Allah. Baiwar Allah jiya jiya ta iya minti talatin, kai kuma har ka ɗora mata kilomita 21?

Malam Bashir:
Barka ƙanwata, Allah ya ƙara lafiya. Bari in fara da abin da ya dame ki na farko, domin ba abin damuwa ba ne. Sunan tsarin ne yake ruɗa mutane. Josh Clark da ya tsara shi a 1996, da hukumar lafiya ta Ingila da ta mayar da shi manhaja daga baya, sun gina shi a kan fita uku a mako na sati tara, kuma a manhajar lokaci ake ƙirgawa, ba nisa ba. Abin da take kai mutum gare shi shi ne minti 30 a jere. Kafin a cinye kilomita 5 a minti 30 sai ana yin kowace kilomita a minti shida, wato gudun kilomita 10 a awa. Sabon mai gudu da yawa ba ya kai wannan, kuma bai gaza ba. Kin gama tsarin cif, kada ki koma baya.

Game da abin da za ki yi yanzu, ga abin da nake gaya wa kowa: kada ki ƙara komai na tsawon wata ɗaya zuwa sati shida. Fita uku a mako, minti 30, a ranakun da kika saba, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Dalili shi ne minti talatin ɗin nan yanzu shi ne ƙarshen ƙarfinki. So ake ya zama abin da kike yi ki dawo gida ki ci gaba da hidimarki kamar ba ki fita ba. Ranar da kika gama kika ji da za a ce ki ƙara minti goma za ki iya, to ranar ce za a fara maganar gaba.

Sannan ki rage sauri. E, ragewa na ce. Ki yi gudun da za ki iya magana da na kusa da ke, jimla guda ba tare da haki ya yanke ta ba. In kalma biyu kawai ke fita, kin yi sauri da yawa.

Ummu Hanan:
Malam na gode sosai. Amma in na rage sauri a kan wanda nake yi yanzu, ai mai tafiya da ƙafa ma zai wuce ni.

Malam Bashir:
Ya wuce ki mana, ai ba tare kuka fito ba. Sauri a wajen sabon mai gudu ba daga matsa wa kai yake zuwa ba, daga tarin makonni yake zuwa. Zuciya tana ƙara yawan jinin da take turawa a kowane bugu, ƙananan hanyoyin jini suna ƙaruwa a cikin tsoka, tsokar kuma tana ƙware wajen amfani da iskar da ta samu. Gudu mai sauƙi yana gina duk waɗannan, kuma ba ya barin ki a gajiye har ki kasa fita jibi. Bayan wata biyu ko uku za ki duba agogo ki ga da numfashin da kike yin kilomita huɗu yanzu kina yin huɗu da rabi, ba tare da kin nemi hakan ba.

Abba:
Malam, da girmanka, amma wannan maganar taka ita ke kashe wa mutane gwiwa. Wata guda mutum yana maimaita abu ɗaya, ba sabon abu, ba abin da yake hange? Ai gundura ce za ta kore shi. Abin da ya riƙe Anti Ummu Hanan sati tara shi ne kowane mako akwai sabon mataki. Ka cire matakin ka ce ta yi ta zagaye.

Nura Fisiyo:
Abba, rabin maganarka gaskiya ce, zan dawo kanta. Amma bari in faɗi abin da ya sa nake bayan Malam a kan kilomita 21 ɗin, tunda irin masu wannan matsalar su ne aikina.

Sassan jiki ba sa sabawa da gudu a lokaci ɗaya. Zuciya da huhu suna gyaruwa cikin makonni. Tsoka tana biye. Amma ƙashi da jijiyoyi irin agara, su watanni suke ɗauka, domin jinin da ke isa jijiya kaɗan ne, shi kuma ƙashi sai ya rushe tsohon sashe kafin ya gina sabo mai ƙarfi. To a ƙarshen sati tara mutum yana cikin wani hali mai haɗari: numfashinsa ya ba shi izinin abin da ƙwaurinsa bai shirya ɗauka ba. Yana jin daɗi, sai ya ƙara nisa, ya ƙara rana ta huɗu, ya fara tsere da agogo, duk a mako guda. Bayan sati uku sai ga shi da ciwon ƙwauri, ko gaban gwiwa, ko tafin ƙafa wajen dunduniya da yake hana shi taka ƙasa da safe.

Abubuwa uku ake iya ƙarawa a gudu: nisa, sauri, da yawan ranaku. A ƙara ɗaya, a bar biyun yadda suke. In kin ƙara nisa wannan watan, ba watan sauri ba ne.

Sadiya:
Yaya Nura, ni na ji ana cewa kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin ɗari a mako. Haka ne?

Nura Fisiyo:
Ana faɗa sosai, ƙanwata, amma ba doka ce da aka tabbatar ba. An gwada ta a garin Groningen na ƙasar Holan, aka wallafa sakamakon a 2008. Sababbin masu gudu sama da 500 aka raba gida biyu. Kashi ɗaya suka bi tsarin sati takwas na yau da kullum, ɗayan suka bi na sati 13 da aka gina a kan ƙa'idar kashi 10. Da aka ƙirga waɗanda suka ji ciwo, kusan kashi 20 cikin ɗari ne a kowane ɓangare. Wato bambancin bai fito ba.

Wani babban bincike kuma daga Jami'ar Aarhus ta Denmak, da ya fito a 2025 a kan masu gudu sama da 5,000, ya nuna inda haɗarin ya fi taruwa shi ne fita guda ɗaya da ta zarce mafi tsawon gudun da mutum ya yi a kwana 30 da suka wuce da tazara mai yawa. Wannan ya fi dacewa da abin da muke gani. Mutum mafi tsawon gudunsa kilomita 5, ranar Asabar abokai suka ja shi ya yi 10. Wannan ranar ce take jawo matsalar, ba lissafin mako ba.

Don haka ni abin da nake cewa: ki zaɓi rana ɗaya cikin ukun ta zama doguwar fitarki. Ki riƙa ƙara mata minti uku zuwa biyar. Duk bayan sati uku ki koma baya sati guda ki sarara. Sauran ranaku biyun su zauna a minti 25 zuwa 30.

Baffa Isa:
Ni duk ban gane wannan wahalar ba. 'Yata, kin samu minti talatin, ki gode Allah ki tsaya nan. Gudun nan cinye gwiwa yake yi, in kuka kai shekarunmu za ku gane.

Nura Fisiyo:
Baffa, Allah ya ƙara girma. A kan tsayawa a minti talatin ban ja da kai ba. Amma maganar cinye gwiwa, abin da aka tattara bai nuna haka ba. A 2017 an haɗa bincike da dama a kan amosanin gwiwa da ƙugu. Masu gudu don motsa jiki, kusan kashi 3.5 cikin ɗari ne aka samu da shi. Waɗanda ba sa motsa jiki, kusan kashi 10. Manyan 'yan gasa da suka shekara da shekaru suna gudu mai yawan gaske, kusan kashi 13. Ba ina cewa gudu magani ba ne, domin mai yiwuwa masu lafiyar gwiwa ne tun asali suka fi dorewa a gudun. Amma dai fita uku a mako ba ita ce ke lalata gwiwar mai lafiya ba. Wanda yake da tsohon rauni ko ciwon gaɓa da aka riga aka gano, shi kam ya ga likitansa.

Baffa Isa:
To, Allah ya sa haka ne. Ni dai tafiyata ta ishe ni.

Anti Rabi:
Ni kuma ina so in ce wani abu da ba a cika faɗa a irin wannan zauren ba. Ba dole ne a ci gaba ba. Na daɗe a kan minti 30 zuwa 35, sau uku a mako, ban taɓa shiga gasa ba kuma ba ni da niyya. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, da kuma kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Gudu a cikin mai ƙarfin yake, kuma talatin sau uku casa'in ke nan. Ummu Hanan, in lafiya kika fito nema, kin riga kin shiga layi. Abin da ya rage miki shi ne kwana biyun nan na ƙarfafa jiki, ba ƙarin kilomita ba.

Abin da ke ba ni haushi, da mutum ya ce ya gama kilomita 5 sai a ce yaushe za ka yi 10, ya yi 10 a ce saura 21, ya yi 21 a ce ai ba ka zama mai gudu ba sai ka yi 42. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abba:
Anti Rabi ke kin iya riƙe kanki ne. Ba kowa ne haka ba. Ni in babu gasa a gabana bargo ne yake cin nasara.

Malam Bashir:
A nan na yarda da kai, Abba, kuma shi ne rabin gaskiyar da Nura ya ce zai dawo kanta. Abin da manhajar ta ba ƙanwarmu ba minti kawai ba ne, ta ɗauke mata nauyin yanke shawara. Ba ta tashi tana tunanin yau in fita ko in bari, an riga an rubuta. Wannan ne ya ɓace, kuma shi ya kamata a mayar. Amma ba sai da kilomita 21 ake mayar da shi ba. Ta ɗauki takarda ta rubuta sati shida masu zuwa, rana da lokaci da minti, ta manna inda za ta riƙa gani. Ta samu abokiyar fita ko da rana ɗaya ce a mako, domin wanda ake jira a bakin hanya ba ya komawa barci. In gasa take so, ta nemi ta kilomita 5 nan da wata biyu. Masu zama a ƙasashen da ake yin parkrun sun huta, domin kowace Asabar da safe akwai kilomita 5 kyauta, da mai gudu da mai tafiya duk ana ɗaukar lokacinsu. Mutum 13 ne suka fara shi a wani lambu a Landan a 2004. Inda babu shi, mutum uku da suka sa rana suka auna hanya sun isa.

Kuma Abba, tunda kai mai son sauri ne, ka san Peter Snell? Ɗan ƙasar Niyu Zilan, ya ci zinare a mita 800 a gasar Olamfik ta Rum a 1960, ya sake cin 800 da 1500 a Tokiyo a 1964. Mita 800 ɗin tsere ne da bai kai minti biyu ba. Amma kocinsa Arthur Lydiard watanni yake sa shi yana dogon gudu, har da na sama da kilomita 30 a kan tuddai, kafin a taɓa atisayen sauri. Shi ma Stephen Seiler da ya yi nazarin manyan 'yan wasan juriya a Nowe, abin da ya gani shi ne kusan kashi 80 na atisayensu mai sauƙi ne. In su da abin ya zama sana'arsu haka suke yi, mu da muke fita kafin aiki me muke gaggawa?

Abba:
Malam ai sauƙin Snell ya fi ƙarshen gudunmu ni da kai.

Malam Bashir:
Ƙwarai kuwa. Sauƙi a jikin mai yi ake auna shi, ba a agogon wani ba.

Ummu Hanan:
Na fahimta. To ga yadda na tsara, ku gyara mini. Sati huɗu ina minti 30 a hankali. Daga nan ranar ƙarshen mako in riƙa ƙara minti biyar har in cinye kilomita 5 ko a minti nawa ne. Maganar 10 sai na ga yadda jikina ya karɓa. Amma ƙarfafa tsokar da Anti Rabi ta ambata, ni ba na zuwa gidan motsa jiki, ba ni da ƙarafa.

Nura Fisiyo:
Tsarin ya yi, Anti. Ƙarafa kuma ba sai da su ba a farko. Minti goma sha biyar a ɗaki ya wadatar. Ki zauna a kujera ki miƙe ba tare da dafa komai ba, ki maimaita. Ki tsaya a bakin matakala ki yi ɗage ki sauko da dunduniya a hankali, wannan na sha-raɓa da agara ne, in ya yi sauƙi ki koma ƙafa ɗaya. Ki kwanta rigingine ki lanƙwasa gwiwa ki ɗaga ƙugu sama. Ki hau mataki da ƙafa ɗaya ki sauko kina lura kada gwiwa ta karkata ciki. Kowanne sau takwas zuwa goma sha biyu, zagaye biyu ko uku. In na ƙarshen bai fara yi miki nauyi ba, lokacin riƙe wani abu mai nauyi a hannu ya yi.

Sai kuma ki san ciwon da ake gudu da shi da wanda ake tsayawa. Tsamin jiki a ƙafafu biyu da ke zuwa washegari ya tafi cikin kwana biyu ko uku, ba komai ba ne. Amma ciwon da yake wuri guda a kan ƙashi har kina iya ɗora yatsa ki ce nan ne, ko wanda yake ƙaruwa kina cikin gudu, ko yake sa ki ɗingishi, ko yake damunki kina kwance da dare, wannan a tsaya a je a duba, domin tsagewar ƙashi haka take farawa. Ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciya da ya rikice kuwa ba a jira gobe. Mata kuma, in gajiya ta yi yawa ba dalili, ko al'ada ta fara tsallake, a je a auna jini, kada a ce lalaci ne.

Sadiya:
Ni tambayata ta sauri ce. Na yi wata biyu da gamawa, ba ciwo, kuma kilomita 5 ɗin ta zauna. Ba na son ƙara nisa saboda lokaci. Ta ina zan fara?

Malam Bashir:
Ke kin isa, Sadiya. Fara da ƙarami. Bayan kin gama gudunki mai sauƙi, ki yi daƙiƙa 20 da sauri mai kyau, ba na ceton rai ba, sannan ki taka a hankali minti ɗaya ko fiye har numfashi ya dawo. Sau huɗu zuwa shida, rana ɗaya ko biyu a mako. Bayan 'yan makonni ki gwada fartlek, salon da kocin Suwidin Gösta Holmér ya fito da shi a shekarun 1930: kina cikin gudu ki hango wata bishiya ko turken wuta ki ƙara wuta har can, ki sassauta har ki huce, ki sake zaɓar wani. Ba ya buƙatar fili ko agogo mai tsada. Rana ɗaya tak a mako, sauran biyun a hankali.

Kuma in kina da agogon da ke auna bugun zuciya, kada ki ɗauki lissafin nan na gano iyakar bugun zuciya, wato 220 a cire shekarunki, kamar yankan wuƙa. Matsakaici ne na jama'a, mutum ɗaya yana iya saɓa masa da bugu goma ko fiye, sama ko ƙasa.

Maman Iman:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni da na gwada wuce minti 35 sai na tsaya na taka. Wata ta ce mini in na taka to ban yi gudu ba, wai sai in koma sati na biyar na tsarin.

Anti Rabi:
Ki ce mata ta kawo inda aka rubuta.

Malam Bashir:
Babu inda za ki koma. Jeff Galloway ya wakilci Amurka a mita 10,000 a Olamfik ta 1972, kuma shi ne ya shahara da koyar da haɗa gudu da tafiya, har mutane suna gama famfalaki na kilomita 42 da wannan salon. Dabarar ita ce a taka tun kafin a gaji, ba bayan an galabaita ba. Misali gudun minti tara, tafiyar minti ɗaya, tun daga farkon fita. Da haka minti 45 zai zo miki da sauƙi fiye da 35 ɗin da kike yi a jere.

Abba:
To shi ke nan, na janye 21. Amma Anti Ummu Hanan, 10 ɗin nan dai ki sa mata rana. Ko nan da wata biyar ne.

Ummu Hanan:
Abba ba ka gajiya. Bari in ga kilomita 5 da idona tukuna. Yaya Nura, tambaya ta ƙarshe: takalmin da na yi sati taran da shi zan ci gaba, ko sai na sake?

Nura Fisiyo:
In ba ya matsa miki yatsu, ba ya sa miki bororo, kuma ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba, ci gaba da abinki. Abin da aka saba faɗa shi ne takalmin gudu yana kai kilomita 500 zuwa 800, ke kuwa a sati tara ko rabin 500 ba ki yi ba. Ranar da za ki sake, ki gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ki bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsarki mafi tsawo da bakin takalmin, kuma ki riƙa musanya shi da tsohon na sati biyu kafin ki koma kansa gaba ɗaya.